Jarkar Zamzam da Ta Fita daga Ɗakin Kawu

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, ranar Talata, Kawu ya cika a gidansa na Magama, nan bakin iyakar Jibiya. Mu huɗu ne a ɗakin. Inna, wato mahaifiyata kuma ƙanwarsa, wadda ke riƙe masa gida tun rasuwar matarsa, tana zaune wajen kansa. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, mai aikin jinya a Katsina, tana riƙe da hannunsa na dama. Limamin unguwarmu yana bakin ƙofa, bai ma gama cire takalmi ba. Ni ina wajen ƙafafu, kuma na dubi agogon hannuna, shi ya sa na san lokacin. Wanda ya ba da shi ya karɓi abinsa, mu ma layin muke.

An yi masa sutura an kai shi kafin magariba. Yaya, babban ɗan marigayi, mai fataucin siminti tsakanin nan da Maraɗi, ya iso daga tasha ana cikin wanka. Jama'a ta taru fiye da yadda muka zata. Maƙeran fari na cikin gari sun zo a jere, babbansu ya kama hannuna ya ce, "Mai dahwa gwal kamar shayi ya tahi, mu kuwa har yau ba mu gane abin da shike nema ba." Direbobin da ke zuwa garin Ɗan Isa na ƙetare sun bar lodi sun bi gawa. Maƙwabcinsa, wani Kirista ma'aikacin kwastan daga kudancin Kaduna, ya raka mu har bakin maƙabarta, ya tsaya daga gefe da hula a hannu har aka gama. A hanyar dawowa ya ce min duk zamansa a garin nan babu wanda ya yi masa faɗa kamar Kawu, babu kuma wanda zai yi kewa kamarsa. Mata kuwa sun yi ta zuwa kwana da kwanaki, daga Bugaje, daga Kusa, daga Daddara, da ƙauyukan ƙetare waɗanda ko sunansu ban sani ba. Kusan kowacce sai ta taɓa kunnenta ko wuyanta ta ce, "Wannan aikin Malam ne."

Ni ba marubuci ba ne. Firamare na gama, na yi aikin soja, yanzu ina tsaron ƙofar wata makaranta. Dalili biyu suka sa na ɗauki biro. Na farko, kada a manta da mutumin nan. Na biyu ya fi gaggawa, kuma gara in faɗe shi tun yanzu saboda wanda ba zai karanta har ƙarshe ba. A kwanakin zaman makoki wata jarka ta fita daga ɗakin aikin Kawu. Jarkar zamzam ce, irin wadda alhazai ke dawowa da ita, amma abin da ke ciki ba zamzam ba ne. Guba ce mai kisa nan take. Tana hannun wata mata daga ƙetaren iyaka. Ba mu san sunanta ba, ba mu san garinsu ba, ita kuma ba ta san abin da ta ɗauka ba. Zan faɗi yadda aka yi, amma bi da bi. In ban fara da shi kansa ba, za a ɗauka mutum ne marar kula, alhali ban taɓa ganin mai kula irinsa ba.

Kawu ya ƙarar da ƙarfinsa a Zariya, a ɗakin gwaje-gwaje na wata babbar makaranta. Aikinsa wanke kwalabe, haɗa ruwan gwaji, da jona wayoyi kafin malamai da ɗalibai su shigo. Yana yawan ambaton wani malami da ya koya masa auna ruwa da mita, kuma bai taɓa ambatonsa ba tare da yi masa addu'a ba. Da ya yi ritaya ya dawo gida da akwatin katako guda: mita mai allura, wayoyi, da kwalabe masu kauri nannaɗe cikin tsofaffin riguna. Ya gina ɗaki daban a kusurwar gida, ya yi masa taga biyu masu kallon juna saboda iska, ya sa kwaɗo, ya rataya mabuɗin a wuyansa.

Aiki iri biyu yake yi a ɗakin. Ina roƙon mai karatu ya raba su a ransa, domin ruwansu ma iri biyu ne.

Na farko shi ke ciyar da gidan: yi wa kayan ado ruwan gwal. Mace ta kawo 'yan kunne ko sarƙa na tagulla, ya goge su, ya rataya su a waya, ya tsoma cikin wani ruwa, ya jona batirin mota. Kafin a jima sun fito suna ƙyalli. Ruwan wannan aiki fari ne tas kamar na randa. Shi ne gubar. Ya ce min dangin dafin da ke cikin rogo mai ɗaci ne, sai dai wannan an tace shi an tara, kurɓa ɗaya ta isa.

Na biyu bai taɓa ciyar da kowa ba, amma shi ne abin da yake so. Ranar da na fara gani ina hutu daga bariki. Ya kira ni ya ce, "Soja, zo ka tsaya nan. Ka iya tsayuwa ba motsi, ko shi ma ba su koya maka ba?"

Na tsaya. A kan risho akwai kwalba mai faɗin gindi, ruwan cikinta rawaya kamar an jiƙa kurkum. Ya ce karyayyen ɗan kunne ne na gwal ya narkar da asid, ya sirka da ruwan sama. Wayoyi biyu sun shiga ruwan. Ɗaya siririya ce fara, ba ta tsatsa. Ɗayar tana cikin bututun gilashi mai ruwan gishiri, ita yake kira shaida, domin ba ta canzawa, da ita ake gane canjin 'yar'uwarta. Dukansu suna jone da mita, allurarta tana sama.

"Kada ka dubi ruwa," in ji shi. "Kowa ruwa yake kallo. Dubi allura."

Ruwan ya tafasa. Ya zuba cokali guda na wani gishiri da ake samu daga lemun tsami. Rawayar ta ɗauke, ruwan ya koma fari kamar ba a taɓa sa masa komai ba.

Na ce, "Kawu, gwal ɗin ya gudu."

Ya ce, "Ta wace ƙofa?"

Allura ta sauko kaɗan ta tsaya. Ta daɗe a tsaye har ƙafata ta fara sagewa. Shi kuwa ya sunkuya a kanta, numfashi ma a hankali yake yi. Can sai ta fara gangarowa, ruwan yana nan fari. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Sun fara haɗuwa." Sai bayan nan ruwan ya yi duhu kamar hadarin gabas, ya juya shunayya, a ƙarshe ya tsaya ja garau kamar zoɓo. Allura ta kwanta ƙasa ba ta sake motsi ba.

Ya yi min bayani, ga abin da na riƙe. Zinarin da ya narke yana warwatse cikin ruwa, shi ke riƙe allura a sama. In gishirin lemun ya shiga, zinarin yana komawa ƙarfe, yana dunƙulewa ƙwaya-ƙwaya, ƙananan da ko madubin asibiti ba ya kama su. Duk wanda ya dunƙule ya saki allura, sai ta sauka. Ƙwayoyin in sun yi ƙanƙanta sosai, ja suke nunawa. In sun yi girma, ruwan ya yi shuɗi. Don haka allura ke riga ido sani. A gilashin mitar ya ɗiɗɗiga fenti, kowane ɗigo a inda launi ya saba juyawa. Abin da ya hana shi sakat shi ne tsayawar nan ta tsakiya. Wata rana gajeriya, wata rana doguwa, kuma bai san dalili ba. Ya rage wuta, ya ƙara wuta, ya canza yawan gishiri, ya gwada ruwan saman farko da na tsakiyar damina. Inna takan leƙo ta taga ta ce, "Malam, tuwo ya huce, kana nan kana gadin ruwa." Ya ce, "Tuwo ana ɗumamawa. Wannan in ya wuce ya wuce." Har ya rasu bai samu amsar ba, kuma ban taɓa jin ya ce ya samu ba.

Ɗakin yana da doka, kuma dokar ba ta san babba ba. Ba a shiga da abinci. Ba a shiga da yaro a goye. Wanda ya fito sai ya wanke hannu da sabulu a bakin ƙofa, Kawu yana tsaye yana kallo. Wata safiya na shiga gaishe shi da kofin shayi a hannu. Ya karɓi kofin ya wurga ta taga, ya ce, "Abin da ake kai wa baki ba ya shigowa nan, abin da ke nan kuma ba ya shiga mazubin da baki ya sani." A lokacin ina da mata da 'ya'ya. Na fita na tsinci kofina, na san gaskiyarsa ce.

Duk abin da ya yi wa ruwan gwal sai ya yi masa 'yar tsaga ta ciki, inda ba ta ɓata kyau, don kada wani ya sayar da shi a matsayin zinari zalla. Wani ɗan kasuwa ya taɓa kawo masa awarwaro cike da kwano, ya ce kada a yi tsagar, Maraɗi zai kai su. Kawu ya ce, "Can ba Musulmi ne ke saye ba? To ko ba Musulmi ba ne, ba su da hannun da zai yi kore in ruwan ya goge?" Ya miƙa masa kwanonsa. Mutumin ya daɗe yana yawo da maganar cewa tsohon nan girman kai gare shi. Da aka gaya wa Kawu sai ya ce ba a yi ƙarya duka ba.

Amma akwai wata tsohuwa daga Daddara da kunnenta ke ruɓewa duk ta sa 'yan kunnen da mijinta ya bar mata, kuma ta ƙi rabuwa da su. Ya duba ya ce, "Iya, kunnenki ne ba ya shiri da ƙarfen nan." Ya yi musu ruwa mai kauri fiye da na kowa, ya ce ta riƙa dawo da su duk bayan kaka a sabunta. Ladansa ƙullin daddawa. Shekarar da ba ta zo ba ya aike ni in duba ko lafiya. Na tarar ƙafa ce ta hana ta. Na karɓo 'yan kunnen a ƙulle cikin ganye, na mayar mata bayan ya gama.

Sai maganar samarin unguwa, wadda dole in faɗa domin daga ita wani abu ya tsiro. Watannin farko bayan an ƙaddamar da shari'a a jiharmu, giya ta koma shigowa a ɓoye daga ƙetare, cikin buhunan gawayi da jarkokin mai. Wasu samari suka ɗauki aikin sa ido, kuma da yawansu da niyya mai kyau. Wani ya hangi kwalabe ja a jere a tagar Kawu. Bayan azahar suka zo da yawa, wani matashin malami yana gaba. Ina zaure.

Kawu ya ce, "Biyu su shigo, sauran su tsaya. Hannu a baya."

Matashin ya ce, "Baba, an ce kana ajiye abin da Allah ya haramta."

"An ce. Kai me ka gani?"

"Ja na gani."

"Zoɓo ma ja ne. Goggonka na sayar da shi a tasha, ka fara da ita."

Na waje suka yi dariya, matashin bai yi ba. Ɗayan ya miƙa hannu zai shinshina, Kawu ya buge hannun. Ya ɗaga murya ya ce Inna ta ba da gishirin miya. Ya zuba ja a ƙaramar kwalba, ya barbaɗa gishiri. A gabansu ja ya koma shuɗi, shuɗin ya dusashe, wani baƙin gari ya fara kwantawa a ƙasa.

"Giya na yin haka?"

Matashin ya ce, "Ban sani ba, Baba. Ban taɓa sha ba."

"Ni ma haka. To mu biyu jahilai ne a kanta, sai mu yi magana a kan abin da na sani." Ya zaunar da shi ya yi masa bayanin allura tun daga farko. Yaron ya saurara har la'asar, ya nemi gafara, ya tafi da mutanensa. Ranar jana'iza yana cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Da suka watse na tarar da Kawu zaune cikin damuwa. Na ɗauka asarar ruwan ce ke cinsa, don wanda gishiri ya taɓa ya lalace ke nan. Sai ya nuna min babbar kwalba mai ruwan fari a kanta ta sama ya ce, "Ka ga? Ja suka zo kamawa. Mai kisan yana bayansu, ɗaya har ya jingina a ƙarƙashinsa, ba wanda ya ɗaga kai." Tun daga ranar labari ya bazu cewa Malam yana juya launin ruwa da hannu. Yana ƙetara iyaka yana ƙara girma. Mata suka fara zuwa neman ruwan Malam don ciwon ciki, don haihuwa, don yaro mai firgita. Yana korarsu da faɗa, wani lokaci har da sanda a hannu. Korar ba ta rage komai ba, sai ma aka ce rowar asiri yake yi.

Yanzu ga yadda jarkar ta samu. A farkon daminar nan hawan jini ya taɓa shi, hannun dama ya fara rawa. Ya daina karɓar aiki. Wata rana Auta tana gida, ya shiga duba ɗakin, ya ga babbar kwalbar nan ta tsage daga wuya, ruwan yana tsattsafowa. Suka duba kaf, babu wata kwalba da za ta ɗauke shi. Abin da ke da murfi mai kamawa a duk gidan shi ne tsohuwar jarkar zamzam ta hajjinsa, wadda ta daɗe babu komai ciki. Auta ta ce ya tsaya ya daɗe yana kallon jarkar kafin ya ce ta riƙe mazurari. Da suka gama ya ɗaura jan ƙyalle a wuyanta, ya tura ta can saman kanta, ya kulle ɗakin, ya ce, "Na karya dokata. Zuwanki na gaba ki taho da kwalba mai kauri, kada ki manta." Ta sayo kwalbar. Tana cikin jakarta ranar da aka kira ta aka ce jiki ya tsananta.

Da za a yi masa wanka aka cire mabuɗin daga wuyansa aka ba Inna. Auta ta gani, ta bi Yaya zaure cikin kuka ta ce, "Yaya, don Allah kada a buɗe ɗakin Baba." Shi kuma yana cikin nasa zafin, ya juyo a gaban mutane ya ce, "Tun ba a rufe shi ba kin fara tsaron gwal?" Kowa ya san in aka ce kada a buɗe ɗakin mamaci, maganar gado ake yi. Kunya ta kama ta, ta koma ciki. Ta ce a ranta ai mabuɗi na hannun Inna, Inna kuwa ba ta taɓa shiga ɗakin ba.

Washegari da hantsi aka yi ruwa mai ƙarfi. Mata sun cika tsakar gida, ɗakuna sun cika, baƙi na jiƙewa. Inna ba za ta iya kallon baƙin ta'aziyya cikin ruwa ga ɗaki a kulle ba. Ta buɗe, ta shigar da su, ta ce kada a taɓa kwalabe, kuma ba a taɓa ba. Amma jarkar zamzam ba kwalba ba ce. Wata baƙuwa ta hange ta, ta roƙa. Inna ta sauko da ita, ta kwance ƙyallen don a ganinta tsumma bai dace da wuyan zamzam ba, ta goge ƙurar da gefen zane, ta ba ta sadaka, ladan ya kai ga mamaci.

Sai bayan addu'ar uku Auta ta karɓi mabuɗin ta shiga da kwalbarta. Ta fito da jan ƙyallen a hannu, ta tsince shi a ƙasa. Fuskarta kawai na gani na miƙe.

"Inna, ina jarkar da ke sama?"

"Zamzam ɗin? Na bayar. Mi ya hwaru?"

"Wa kika ba?"

"Wata baiwar Allah daga can ƙetare. Ta roƙa. Ana hana mai roƙon zamzam?"

Auta ta zauna a ƙasa inda take. Sannan ta faɗi abin da ke cikin jarkar. Yaya ya ce, "Kin ce kada a buɗe, ba ki ce guba ba." Ta ce, "Ka bar ni na ƙarasa?" Inna ta dubi hannuwanta, ta ce, "Ni na goge mata ita."

A ranar muka yi gardama mai zafi ni da Yaya, a soron baya. Shi yana ganin a nema a asirce. Ya ce in aka yi shela, za a ce gidan Malam ya raba guba a zaman makoki, sunan tsohon ya ɓaci har abada, kuma a wannan zamani da ake kai kowace magana gaban alƙali, Inna za a fara kira, tunda hannunta ya miƙa. Ban raina tsoronsa ba, uwata ce. Na ce masa in aka kira Inna za mu bi ta mu yi bayani, amma wadda ta sha ba a yi mata bayani. Muka kai maganar ga liman. Ya saurare mu duka, ya ce ɓoyewar ita ce laifin da ba a riga an yi ba, kada mu yi shi. Ranar Juma'a liman da bakinsa ya sanar a masallaci. Yaya bai yi min magana ba kwana biyu, sannan ya aiko min da motarsa da direba.

Ga abin da muka yi zuwa yau. Na sa mai shela ya zaga Magama da kasuwar Jibiya. Na bi direbobin tasha ɗaya bayan ɗaya, wani ya ce ya ɗauki mace da bido, wato jarka, a cinya ranar ruwan, amma ta sauka a mararraba ta hau amalanke. Na ƙetara na gaya wa 'yan duwan, wato kwastan ɗin can, da jandarma na Ɗan Isa, sun karɓe ni da mutunci, sun ce za su faɗa wa masu gari. Maƙwabcinmu na kwastan ya gaya wa abokan aikinsa, matarsa kuma ta sanar a cocinsu saboda mata 'yan kasuwa. Auta ta sanar da asibitocin da ta iya kaiwa, ta kuma kwashe sauran ruwan ɗakin ta kai inda aka san yadda ake kashe ƙarfinsa. Mitar tana wurinta. Har yanzu babu labari, mai daɗi ko marar daɗi.

Shirun nan ba ya kwantar min da hankali, domin na san yadda muke yi da zamzam. Ba a shansa don ƙishirwa. Ana tura shi ƙarƙashin gado ko bayan kwalla, a jira ranar da ta kai. Jiya Inna, wadda abinci ya daina shiga cikinta, wadda kullum take zaune bakin zaure tana duban fuskar duk doguwar matar da ta wuce, ta tuna sauran maganar baƙuwar. Ta ce mata, "Ɗiyata na da cikin fari, ta zo goyon ciki. In naƙuda ta tashi shi zan ba ta." Inna ta tambaye ta yaushe, ta ce in an shiga yankan gero. Yau da safe na bi ta gonakin bakin hanya, gero ya gama bununi, ya fara ido.

Kawu ya yi shekaru yana tsare mutane daga ruwan nan. Sau ɗaya ya karya dokarsa, da hannu mai rawa, don kada gubar ta zube a gidan da jikoki ke wasa. Ba na so wannan ɗayan ya zama abin da za a tuna shi da shi, kuma ba na so uwata ta ƙarasa kwanakinta da ran wata yarinya a wuyanta.

Saboda haka ga roƙona, kai da takardar nan ta shiga hannunka. Kada ka karanta a zuci ka ninke. Shiga cikin gida ka karanta wa mata da ƙarfi, domin wadda muke nema ba a zaure take ba. In kana da dangi a ƙetare, ka aika musu da baki ta hannun direba ko mai zuwa kasuwa. Matar doguwa ce, mai wushirya, ta manyanta, harshenta na wajen Maraɗi, ta zo gaisuwa Magama ranar Laraba da aka yi ruwa. Jarkar fara ce, ƙarama, murfinta shuɗi, hannunta ya ɗan narke a gefe ɗaya inda wuta ta taɓa lasa. Wanda ya gan ta kada ya buɗe, kada ya shinshina, kada ya ɗanɗana don ya tabbatar. Kada a zubar a rijiya, ko a masai, ko inda dabbobi ke sha. A ɗaga ta inda yaro ba ya kaiwa, a aiko gidan Malam mai ruwan gwal, kowane direba a tashar Magama ya san ƙofar. Ni zan zo da ƙafata in ɗauka, kuma zan zo da zamzam na gaskiya a madadinta. Ba wanda zai tuhumi baiwar Allah nan da komai.

Ku fara duba ƙarƙashin gadajenku. In kun duba, sannan ku ɗaga hannu ku roƙa masa gafara.